Shekarar da Gonar Baba Ta Fito Daga Ruwa

Zafin bana a Jidda ya zo da ruɗuba, wato damshin nan da iska ke kwasowa daga teku, wanda in ka fito daga masallaci da azahar sai ka ji kamar an yafa maka jiƙaƙƙen bargo. A layinmu na Bani Malik ko kyanwa ba ka gani a waje. Na'urorin sanyaya ɗaki ne kawai ke gurnani a jikin bangwaye, suna ɗigar da ruwa a kan duk wanda tsautsayi ya biyo da shi ta ƙasa. Tun da gwiwa ta sa na daina gadi a wani sito da ke unguwar masana'antu ta Jidda, aikina ya koma zama da tunani, kuma wallahi gadin ya fi sauƙi.

Juma'ar da ta wuce 'yata Samira da mijinta suka ce lallai sai sun fitar da ni na sha iska. Sun kama shale a Abhur, irin ɗakunan nan na bakin teku da ake haya na yini guda. Samira a nan aka haife ta, Hausarta sai ta dogara da Larabci take iya tafiya. Da la'asar ta yi sanyi ta zo ta tsaya a kaina.

"Baba, yalla, tashi mu shiga markab," in ji ta, tana nuna wani farin jirgin ruwa. "La tikhaf, wallahi ba ya kifewa."

Wai ni take cewa kada in ji tsoron jirgi. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Shekara huɗu na yi ina tuƙa kwale-kwale, amma ban taɓa ba ta labarin ba, saboda haka ba laifinta ba ne. Na ce su je, ƙafa ba za ta bar ni ba. Na zauna ina kallon mai jirgin, baƙo irina, cikin fararen kayan aiki, yana riƙe da igiya yana yi wa kowa murmushi. Na san irin wannan murmushin, don ni ma na yi shi. Tun daga ranar hankalina ya koma kan wata bazara da na daɗe ina kauce wa tuna ta.

Garinmu na asali yana kudu da Kano, a gaɓar wani kogi. Ina ɗan shekara goma ko sha ɗaya aka tare kogin da madatsa, ruwa ya taru ya zama tafki, ya shanye gidajenmu da gonakinmu da maƙabartarmu. Aka kwashe mu a manyan motoci aka sauke mu a kan wani tudu, aka yanka wa kowa fili. Filin fako ne da tsakuwa. Mutanen da suka saba da fadama, masu noman masara da rake da albasa, suka koma roƙon gero a wurin ƙasar da ba ta san su ba.

Bayan 'yan shekaru sai ga magina sun sauka a bakin tafkin, aka ce otal za a yi, wurin shaƙatawa. A lokacin ba mu taɓa jin irinsa ba a duk yankinmu. Ɗakunan zagayayyu ne masu jinka, irin bukkokin da muka baro, sai dai a ciki akwai lantarki da na'urar sanyi da bahon wanka. Da aka ba Inna labari sai ta ce, "To, ashe bukka abin marmari ce, mu ne dai ba mu iya kwana a cikinta ba." Aka yi ta jigilar farin yashi a tifa ana zubawa a bakin ruwa, aka kafa laimomi masu launi, aka kawo kwale-kwale takwas aka shafe su da farin fenti. Ranar Asabar masu kiɗan zamani su zo daga birni, ƙamshin gasasshen kifi ya hau har tudunmu.

Da farko Turawa ne masu aikin kamfanoni suka fi zuwa, da Kwarori 'yan kasuwa, da Indiyawa malaman makaranta. Daga baya manyan ma'aikatanmu na gida suka gano wurin, suka fara kawo iyalansu da tarurrukansu. Abin da ya fi ɗaure wa tsofaffinmu kai shi ne mutum da hankalinsa ya taso daga Kano, ya ƙona mai, don kawai ya zauna ya kalli ruwa. Wasu ma su tuɓe riga su kwanta a rana da gangan, ranar da mu ke gudu.

Mu 'yan tudu aka ɗauke mu shara da wanki da gadi. Ni da wasu samari aka ba mu tuƙi. Ba masunta ba ne mu, manoma ne da aka wayi gari aka danƙa musu filafili, sai da muka sha ruwan tafkin nan sosai kafin hannu ya faɗa. Manaja, wani dogon ɗan boko da ba ya rabuwa da laktaye ko da ana ƙuna, shi ya koya mana sauran aikin: farar riga da farin wando, murmushi, kuma kada ka yi magana sai an tambaye ka. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin kayan nan. Ina ɗan shekara ashirin, in na sa su na bi ta cikin gari sai in ji kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Baba kuwa bai taɓa zuwa bakin tafkin ba, balle ya shiga jirgi. In na dawo yakan ce, "An dawo daga yawo da baƙi a kan kabarin kaka?"

Alhazan garinmu da ke zuwa Umara sun ce min yanzu jinkar ɗakunan duk ta rufta, awaki ne ke kwana a inda ake kiɗan Asabar. Ban ji daɗi ba, ban kuma ji haushi ba.

Daminar da ta jawo mana bazarar nan da nake kauce wa tunawa ta fara kamar gaske, sannan ta ɗauke. Gero ya bushe a tsaye tun bai fitar da kai ba. Abin da muka girbe a gidanmu bai rufe gindin rumbu ba, kuma mu bakwai ne: Baba, Inna, ni, da ƙannena huɗu. Kafin sanyi ya wuce tuwo ya koma sau ɗaya a rana. Da zafi ya shigo sai tuwon ma ya koma kunu, kunun ya yi ta tsinkewa har kana iya ganin fuskarka a cikin ƙwarya. Inna da ƙannena mata su fita tun da sassafe neman tafasa da yaɗiya, su dawo da abin da bai cika faifai ba, don duk garin abin da ake nema ke nan.

Abu ɗaya ne a gidan ba a taɓa ba. A saman murhu, cikin madafa, akwai masarar iri a rataye, hayaƙi ya mayar da bawonta baƙi. Irin fadamarmu ce ta da, Baba yana shuka kaɗan a bayan gida kowace shekara don kada ta ɓace. Ƙannena su zauna suna kallonta kamar an rataye nama. Inna ta ce duk wanda ya miƙa mata hannu sai ta karya hannun, kuma mun san za ta aikata.

Tafkin shi ma ya fara ja da baya. Kullum in mun je aiki sai mu tarar ruwa ya ƙara nisa da farin yashin otal, har tsakaninsu ya zama tafiya, ba komai sai tsattsagaggiyar laka da warin mataccen kifi. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Wa zai zo kallon taɓo? Manaja ya sa muka jawo kwale-kwalen muka kife su a ƙarƙashin bishiyoyi, ya ce kowa ya tafi gida sai ruwa ya dawo. Na ninke fararen kayana na sa a ƙasan akwati, na koma cikin masu jiran kunu.

Sai tsohon garinmu ya fara fitowa. Katangu sun narke, amma harsashin gidaje yana nan, da bakin rijiyar masallaci, da dakalin mahauta. Mutane suka riƙa gangarawa suna yawo a cikin laka suna nuna wa 'ya'yansu inda aka haife su. Inna ta gano duwatsun murhunta guda uku a inda ta bar su, ta tsuguna a gabansu ta yi kuka mai isarta. Amma masu ido sun ga wani abu dabam. Lakar nan, in ka fasa busasshen samanta, ƙasanta danshi ne baƙi wuluk. Mai gari ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya samu laka mai danshi ya shuka abin da yake da shi, ba gonar kowa a inda ruwa ya ci. Cikin kwana uku gari ya watse a bakin tafki, kowa da sandarsa da ɗan irinsa.

Ban da Baba. Kawu Tanko, ƙanen Inna, wanda ya riga kowa shuka, ya zo har zaure ya same shi.

"Yaya, me kake jira ne? Laka ga ta nan har ido ya gaji."

"Lakar wa?" in ji Baba.

"Ta Allah mana."

"Inda ka shuka gonar Malam Bawa ce. Da idona na ga ya sare dajinta."

"Haba Yaya! Malam Bawa ya rasu, 'ya'yansa suna can Kurmi, ko sun san ruwa ya janye?"

"To ka je ka tambaye su. Ni ba zan ci abin da ya fito daga ƙasar da ban ji daga bakin mai ita ba. Tawa tana nan tafe."

Matsalar ita ce tamu gonar tana can cikin kwari, a gaɓar tsohon kogi. A da ita ce abin alfaharin gidanmu, don ba fadamar da ta kai ta. Yanzu wannan ne ya sa ta fi kowace zurfi a cikin ruwa, ita ce kuma za ta fito a ƙarshe, in ma za ta fito. Kowa ya san lissafin: masara tana son wata uku, kuma da damina ta sauka tafki zai dawo ya karɓi abinsa, zai kuma fara ne daga kwari. Duk kwanan da Baba ya jira, daga bakin masarar yake cire shi.

Mako bakwai muka yi a haka. Mutumin da bai taɓa zuwa bakin tafki ba ya zama kullum bayan asuba yana can, ya tsaya a inda laka ta ƙare yana duban wani wuri a tsakiyar ruwa. Masarar Kawu ta kai gwiwa, ta kai ƙugu. Tamu tana rataye tana shan hayaƙi. Ƙaramar ƙanwata ta daina wasa, sai dai ta kwanta a gindin bango, gashinta ya yi ja. Na ji haushin Baba irin wanda ban san ɗa yana iya ji wa ubansa ba. Wata rana da na kasa haɗiyewa na ce, "Baba, wannan gaskiyar taka ba ta shiga tukunya." Ya ɗago ya dube ni. Inna ce ta ce daga madafa, "Ɗanjuma, fita min daga gida sai ka nemo kunyarka."

Wata safiya sai ga kan wani kututture ya leƙo daga ruwa. Ƙirya ce da kakana ya sare a kusurwar gona, icen da ba ya ruɓewa. Bayan kwana biyar sai ga fasasshen dutsen niƙa da aka kafa a ɗaya kusurwar. Baba ya cire takalmi ya shiga taɓo har ƙwauri, ya taka iyakar daga kututture zuwa dutse, ya juyo yana dariya. "Ga ta," in ji shi. "Ba ta je ko'ina ba." A duk shekarar nan ranar ce kaɗai na ga haƙoransa.

Mutanenmu akwai surutu, amma akwai zumunci. Waɗanda suka yi ta yi masa dariya su ne suka fito gayya ranar shuka, ba tare da an yi musu alkawarin ko fura ba. Inna ta sauko da masarar ta ɓare ta da hannunta, ba ta yarda ko ƙwaya ɗaya ta faɗi ƙasa ba. Maza suna gaba da sanduna masu tsini suna huda ɓawon laka har su kai danshi, mata suna biye suna jefa ƙwaya bibbiyu suna rufewa da diddige. Rana ta buɗe, laka tana tururi, warinta yana hawa kai. Da muka gama aka zagaya da ruwan tsamiya a ƙwarya, shi ne duk abin da muka iya bayarwa. Kawu Tanko ya matso kusa da ni yana goge gumi, ya ce a hankali, "Allah ya sa in ji kunya, amma an makara."

Masarar kuwa kamar ta ji shi. Shekara goma lakar nan tana kwance tana tara ƙarfi. Cikin kwana huɗu tsiro ya fasa ƙasa, kafin wata ya cika ganyen ya yi kore har yana baƙi-baƙi, karan ya yi kauri kamar rake. Masu wucewa su tsaya su riƙe baki. Har ni na fara tunanin ko tsohon nan ya san abin da ba mu sani ba.

A haka azumi ya kama. Sahur ɗinmu ƙanzo ne da aka jiƙa, in an samu, in ba a samu ba ruwa da niyya. Daga sallar asuba ni da Baba mu gangara kwari. Saman lakar ya riga ya bushe, saboda haka muka haƙa 'yan rijiyoyi a tsohon kogi, muna ɗiba da garwa muna bin gindin masara ɗaya bayan ɗaya. Ka yini da ruwa a kafaɗa, yana zuba a jikinka, maƙogwaronka kuma kamar an zuba toka. In rana ta take mu rarrafa ƙarƙashin wata rumfar kara da muka kafa, mu kwanta, ƙudaje suna bin bakinmu. La'asar mu koma. Da magariba Inna ta ajiye kwaɗon tafasa ba ƙuli, da dafaffen bado da ƙannena suka tono a gefen ruwa. Yanzu in azumi ya zo Samira takan cika min tabarma da sambusa da shurba da abin da ban san sunansa ba, ta yi ta faɗa wai ba na ci. Ina ci. Idona ne ba ya barin abin da ake kwashewa a zubar.

Azumi ya raba tsakiya ba ko ɗigon ruwa. A kan tudu mutane sun yi binne, wato sun shuka gero a busasshiyar ƙasa suna jiran sama, kuma irin ya fara lalacewa. Liman ya ce a fita roƙon ruwa. Muka fita bayan gari da hantsi, maza da mata da yara, har da dabbobi, kowa ya juya rigarsa baibai. Liman yana addu'a, tsofaffi suna kuka. Na ɗaga hannu tare da kowa, amma harshena ya yi nauyi. Ruwan da ake roƙo shi ne zai cika kogi, kogi kuma gonarmu zai fara ci. Baba yana gefena, amin ɗinsa ya fi na kowa ƙarfi.

A hanyar komawa na ce, "Baba, ka san abin da muka roƙa kuwa?"

"Na sani," in ji shi. "Gari ne ke jin ƙishirwa, ba ni kaɗai ba. Allah ya san inda masarata take."

A goman ƙarshe hadari ya haɗo daga gabas da la'asar, iska ta taso, aka tsuge da ruwa. Yara suka fita tsirara suna ihu, mata suna guɗa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gari. Ni ma na ji daɗinsa a jikina, ba zan yi ƙarya ba. Amma a gidanmu ba wanda ya yi guɗa. Inna ta tara ruwan indararo a tulu.

Kwana biyu tafki bai motsa ba, har muka fara sakin jiki. Ashe ba ruwan garinmu ne abin tsoro ba, na duwatsun kudu ne, inda kogin ya taso. Ran nan sama tas, rana tana dukanmu, sai muka ji wani sauti kamar ana jan tabarma. Kogi ne ya taho, ja wur, ɗauke da kumfa da karare da mushen akuya. Ya cike rijiyoyinmu kafin mu kwashe garewani. Baba ya kafa sanda a bakin ruwa. Da safe muka tarar da ita a cikin ruwa. Ya cire ya kafa a gaba, washegari ma haka.

A lokacin masarar ta yi goyo, bibbiyu a kara ɗaya, gemunta ya fara ja. In ka ɓare ka matsa ƙwayar da farce sai farin ruwa ya fito kamar nono. Kwana ashirin take nema, ko sha biyar ma a yi maneji. Muka yi ƙoƙarin tare ruwan da ganuwar laka, mu bakwai har da ƙaramar, muna kwaɓawa da hannu da azumi a bakinmu. Abin da muka gina a yini biyu ruwa ya narkar da shi muna tsaye muna kallo.

Masu shukar farko kuwa sun girbe tasu ta bushe. Kawu Tanko ya aiko mana da kwando guda. Inna ta surfa ta yi tuwo, tuwon gaske na farko cikin watanni, muka ci har muna lumshe ido. Baba ya ture nasa ya ce a ba yara, ya jawo kwanon tafasa. Na san dalili, ƙasar Malam Bawa ce. Na tashi na bar wurin don kada in sake faɗin abin da Inna za ta kore ni.

Ranar Sallah ruwa yana idon sawu a cikin gona. Kwana uku bayan Sallah ya kai ƙugu. A ranar ne Manaja ya aiko a kira matuƙa. Ruwan bai kai yashin otal ba tukuna, amma ya rufe warin, kuma mutanen birni sun taso hutun Sallah. An shimfiɗa katakai a kan laka har bakin ruwa, an tayar da kwale-kwale. Inna ta ce in je, ko ba komai ana ba ma'aikata abincin rana, baki ɗaya ya ragu. Na dubi Baba. Yana ɗaura igiya a bakin wani babban daro, bai ɗago ba ya ce, "Je ka." Na ciro fararen kayana, sun yi min yawa kamar na aro.

Washegari da la'asar aka ba ni wani Alhaji da matarsa, babban ma'aikaci ne daga Kano, da kyamara rataye a wuya. Mutanen kirki ne, har Hajiya ta miƙo min alewa. Na tuƙa su muka yi nisa, iska tana kaɗawa, suna ta yaba ikon Allah. Can sai Hajiya ta nuna da yatsa.

"Alhaji, dubi wata ciyawa a jere, kamar da hannu aka shuka ta."

"Masara ce, Hajiya," na ce.

"Masara a cikin ruwa? Kai mu mu gani."

Ba a koya mana cewa a'a ba. Na juya kan jirgi. Kawunan masarar ne kawai a waje, layi-layi, ruwa yana kaɗa su. A tsakiyarsu ga Baba, ruwa har ƙirji, ba riga, sai hula. Ana iya ƙirga ƙasusuwan kafaɗarsa. Yana lalube a ƙarƙashin ruwa, ya karyo goyo ya jefa a daron da ke yawo a gefensa, ɗaure da ƙugunsa. Tun safe yake ciki, leɓɓansa sun yi fari.

"Ikon Allah!" in ji Alhaji, yana ɗaga kyamara. "Wa zai shuka masara a tsakiyar tafki? Kai, ka san tsohon nan? Lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Hajiya ta rufe baki da mayafi tana dariya ƙasa-ƙasa. Ba dariyar mugunta ba ce, abin ne ya ba ta mamaki. Ni kuwa haushin wata huɗu da kunya suka taso min lokaci guda. Na ji bakina ya ce, da murmushin nan da aka koya mana, "Wani tsoho ne daga ƙauyen can, ranka ya daɗe."

Duk wanda ya yi aiki a kan ruwa ya san yadda yake kai magana. Baba ya ɗago. Ya dubi fararen kayana, ya dubi fuskata, bai daɗe ba. Sannan ya juya ga baƙin.

"Sannunku da hutawa, Alhaji. Barkanku da Sallah." Ya sake dubana, ya ce da muryar da ake yi wa ɗan wani magana, "Samari, ɗan karkata ta hagu, kana karya min kara."

Na karkata ta hagu. Na ji ƙarar kyamara sau biyu a bayana. Har muka koma gaɓa ban san yadda filafilin ke shiga ruwa yana fita ba.

Abin da Baba ya ceto daro uku ne, sauran ruwa ya rufe shi kafin mako ya zagayo. Irin fadamarmu a nan ya ƙare, don ɗanyar ƙwaya ba ta shukuwa. Maganar da na yi kuwa bai taɓa tayar da ita ba, bai gaya wa Inna ba, har ya rasu bayan damina biyu. Ni ma ban taɓa samun bakin neman gafararsa ba. Kullum sai in ce gobe.

A yammacin ranar da na kai baƙin nan gonar, bayan magariba, Inna ta dafa masarar ta juye a faranti a tsakar gida. Yawancinta totuwa ce da 'yan ƙwayoyi jefi-jefi, tana warin laka. Baba yana zaune ya lulluɓa da bargo, jikinsa yana karkarwa, fatar yatsunsa duk ta yamutse. Ya sa hannu yana juya su ɗaya bayan ɗaya har ya samo wadda ta fi cika. Na ɗauka ƙaramar zai ba. Sai ya ajiye ta a gabana.

"Ci," in ji shi. "Kai ka yini kana tuƙi."

Na sunkuyar da kai na cinye ta tas, har na tsotse totuwar, don yunwa nake ji.